Ƙafar Kyamara: Wadda Za Ta Hau Mashin, Ta Kuma Tsaya a Iska



Yau zancenmu na masu hoto ne, musamman samarin da suka shigo sana'ar a 'yan shekarun nan tsakanin Jega da Aliero da Maiyama, masu ɗaukar biki da suna da walimar sauka da tafsirin azumi. Amma wanda ba mai hoto ba ma kada ya murɗa akwatin rediyonsa tukuna. Wataƙila ya taɓa biyan kuɗi aka ɗauki ɗaurin auren ɗansa, aka kawo masa bidiyo, ya zauna kallo da iyali, sai ga liman yana lilo, ango yana gangarawa gefe guda. Da wuya laifin ya zama na kyamara. Galibi abin da aka ɗora ta a kai ne, wato ƙafar nan mai rassa uku da masu sana'a ke ce wa sitan ko tiraifod.

Kyamarorin da samarinmu ke riƙewa yanzu ƙanana ne, irin waɗanda aka cire wa madubin ciki. Kamfanin Panasonic na Japan ne ya fara fito da irinsu a 2008, da wata mai suna Lumix G1, kuma daga nan sauran kamfanoni suka bi. Waɗanda suka fi yawo a hannun yaranmu, irin su Sony a6000 da ta fito a 2014, da Canon M50, da Sony ZV-E10, kowacce ba ta kai giram 400 ba idan ba a ɗaura mata lens ba. Ƙasa da rabin kilo ke nan. Tsofaffin masu hoto da suka yi zamani da manyan kyamarori masu madubi sun san bambancin a wuyansu da kafaɗarsu.

To daga wannan rashin nauyin ne kuskure yake farawa. Yaro zai ce ai kyamarata ba nauyi, kowace irin ƙafa ma za ta ɗauke ta. Sai ya je ya sayo 'yar siririyar nan da ake sayarwa tare da fitilar zobe ta masu TikTok, mai kan roba, mai ƙafafu kamar na zabo. Ɗauka dai za ta ɗauka, ba a musu. Sai dai ɗauka daban, tsayawa cak daban. Kyamara mai nauyi tana danne ƙafar da ke ƙarƙashinta, ta kafe ta a ƙasa. Marar nauyi kuwa ba ta da abin dannawa, ɗan yatsanka ma idan ya taɓa maɓalli sai ta girgiza, balle iskar hunturu. Ga kuma wani abu da da yawa ba su lura ba: kyamarorin nan uku da na ambata babu wadda ke da na'urar rage girgiza a cikin jikinta. Sai dai idan lens ɗin yana da tasa, ko kuma dabarar lantarki da wasunsu ke yi a bidiyo, wadda ke yanke gefen hoto. Saboda haka ƙaramar kyamara ta fi babba buƙatar ƙafa mai tauri.

Wani zai ce, to mene ne ma amfanin wahalar? Ai hannu yana nan. Da rana tsaka, gaskiya ne, hannu ya isa. Masu hoto suna da tsohon lissafi: idan lens ɗinka milimita 50 ne, kada ƙiftawar kyamara ta ɗauki fiye da kashi ɗaya cikin 50 na daƙiƙa in da hannu kake riƙe. A kan waɗannan ƙananan kyamarori ma sai ka ƙara rabi a kan lissafin, domin allon da ke kama hoton ƙarami ne, yana sa komai ya matso kusa, har da rawar hannunka. Da rana wannan ba komai ba ne. Amma bayan magariba, a filin maulidi ko ƙofar gidan biki inda fitila biyu ce a kan janareta, hasken ba ya isa a yi saurin nan. Ko dai ka ɗaga ƙarfin allon, hoton ya cika da dusa-dusa, ko ka kafa ƙafa. A bidiyo kuwa ba ma sai dare ya yi ba. Malam zai zauna tafsiri ya yi sa'a guda da rabi yana karatu, ana watsawa kai tsaye a Facebook. Wane hannu ne zai jure wannan, ga azumi a baki?

Yanzu mu shiga kanti. Abu na farko da mai kaya zai nuna maka shi ne rubutun jikin kwali: wannan tana ɗaukar kilo 8, waccan kilo 15. Kada wannan ya ruɗe ka. Babu wata hukuma a duniya da ta tsayar wa kamfanoni ma'auni ɗaya na wannan lamba. Kowa yadda ya ga dama yake aunawa, wani ma nufinsa kawai ƙafar ba za ta durƙushe ba a ƙarƙashin wannan nauyi. Kai kuma da kyamararka da lens da makirfo duka ba su wuce kilo ɗaya da rabi ba, durƙushewa ba ta cikin damuwarka. Damuwarka rawa ce, kuma ba a rubuta ta a kwali.

Lamba ta biyu ita ce tsawo, ita ma akwai wayo a cikinta. A tsakiyar ƙafafun uku akwai sanda guda da ake zarowa sama. Tsawon da aka rubuta da manyan baƙaƙe, da wannan sandar a zare aka auna shi. To da zarar ka zaro ta har ƙarshe, kyamararka ta bar ƙafa uku ta koma kan ƙafa ɗaya. Injiniyoyi suna da lissafin wannan, ɗaliban jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero ma suna karanta shi: sandar da aka kafe gindinta, in ka ninka tsawonta sau biyu, lanƙwasar da za ta yi a ƙarƙashin turi iri ɗaya sau takwas ce. Sau takwas, jama'a. Don haka tsawon da ya kamata ka tambaya shi ne na ƙafafun kaɗai, sandar tsakiya tana zaune a mazauninta. Idan a haka ta kai maka santimita 125 zuwa 135, ka ƙara kan ƙafar da jikin kyamara, ta iso ƙirjinka ko haɓarka. Ya wadatar. Waɗannan kyamarori allon bayansu yana ɗagowa, ba dole sai ka manna ido ba. Sandar tsakiya a bar ta don ranar larura, ranar da kawunan mutane suka tare maka liman.

Daga nan sai ka sunkuya ka dubi gaɓoɓin ƙafar. Kowace ƙafa bututu ne a cikin bututu, wata gaɓa uku, wata huɗu, wata biyar. Yawan gaɓa yana sa ta naɗe ta zama guntuwa, abin da matafiyi ke so ke nan. Amma kowace gaɓa dole ta fi ta samanta siranta kafin ta shige cikinta, sai ka tarar ta ƙarshe, wadda ke taka ƙasa, ba ta fi ƙaramin yatsa kauri ba. Nan ma lissafin bai da tausayi. Bututu biyu masu kaurin bango ɗaya, mai faɗin milimita 24 ya fi mai milimita 12 tauri wajen sau takwas. Ga kuma mahaɗa: kowace mahaɗa ƙofa ce ta rawa, kuma ƙofa ce ta ƙura. A ganina gaɓa huɗu ita ce tsaka-tsaki a wurinmu. Mai biyar sai in kana da dalili. In kuma ba ka buƙatar dukan tsawon, ka fara zaro masu kauri na sama, ka bar siraran a ciki.

Me ya sa ba za a sayi ƙatuwa kawai a huta ba, irin ta gidan talabijin? Saboda mashin. Mai hoton Jega ba a mota yake yawo ba. Da safe yana Aliero wajen ɗaliban da suka gama jarrabawa, da la'asar an kira shi Andarai ko Sambawa ko Mungadi a ƙasar Maiyama, duk a bayan kabu-kabu ko a kan nasa mashin. Ƙafar da ta kai kilo huɗu, tsawonta a naɗe ya haura santimita 70, za a ɗauke ta sati na farko da na biyu, daga nan ta koma bayan ƙyaure tana tara yana. Wadda za ta yi maka aiki ita ce wadda ke naɗewa zuwa santimita 40 ko 45, ta shige jakar goyo ko ta ɗauru a gefenta a tsaye, nauyinta tsakanin kilo 1.3 da kilo 1.8. Abin da ya yi ƙasa da kilo ɗaya kuma ya ce zai kai tsawon mutum, ka yi masa kallon tuhuma. Kada kuma a gicciya ƙafa a bayan mashin, kawunanta suna leƙowa dama da hagu. Hanyar Jega zuwa Koko da Yawuri hanyar tireloli ce, ba ta son abin da ya fito gefe.

Dabarar da ta sa ƙafafun tafiya suka gajarce haka daga kamfanin Gitzo ta fito, kamfanin da aka kafa a Faransa a 1917. Su ne suka yi ƙafafun da ke juyewa baya gaba ɗaya su rungume kan, maimakon kan ya tsaya a sama yana ƙara tsawo. Yau kusan kowa ya kwaikwaya, har kamfanonin Sin irin su Benro da Sirui da K&F Concept, waɗanda kayansu suka fi isowa kasuwanninmu. A 2019 kuma wani kamfanin Amurka, Peak Design, ya fito da tasa wadda a naɗe tsawonta wajen santimita 39 ne, kaurinta kamar gorar ruwa. Iri biyu ya yi: ta alminiyam mai kilo 1.56 a kan dala 350, da ta zaren kabon mai kilo 1.29 a kan dala 600. Na kawo wannan ne don ku ji lissafin da kanku. Dala 250 aka ƙara don a rage giram 270. Ku juya wannan zuwa naira a canjin yau, ku gaya mini biki nawa yaro zai ɗauka kafin ya mayar.

Ba ina kushe kabon ba ne. Gitzo ɗin nan su suka fara yin ƙafar kabon a 1994, kuma tana da fa'idodi na gaskiya. Ta fi sauƙin ɗauka, rawa tana saurin mutuwa a jikinta, sannan ba ta ɗaukar zafi kamar ƙarfe. Wanda ya taɓa barin baƙar ƙafar alminiyam a rana cikin watan Afrilu, lokacin da zafin nan namu ke haura digiri 40, ya san yadda take gasa tafin hannu. Amma kabon in ya sha duka mai ƙarfi tsagewa yake, kuma in ya tsage ya gama. Alminiyam lotsawa yake, sau da yawa a ci gaba da aiki da shi a haka, ko wani mai gyara ya lallaɓa shi. Aliero ta yi suna da masu ɗori, ana kawo musu karaya daga nesa, amma ban ji wanda ke ɗora ƙafar kabon ba. Ga mai farawa, alminiyam mai kyau ya ishe shi, ya naɗe gaɓar sama da tsumma ko robar tayar keke saboda zafi.

Sai babbar abokiyar gaba, ƙura. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu yana zuba mana ita, sauran watannin rani kuma mashin da shanu da tireloli suna tayar da ita. Makullin gaɓoɓi iri biyu ne: akwai na murɗawa, akwai na ɓallawa mai ɗan marfi. Na ɓallawa yana da sauri, kuma da ido za ka ga ko a kulle yake. Aibinsa, da tafiya ta yi tafiya yana saki, sai an ɗaure shi da alanki, kuma idan na roba ne mai arha rana tana busar da shi ya karye. Na murɗawa ba ya kama tufafi ko igiyar jaka, amma yashi yana shiga zarensa, sai ka ji yana ƙaras-ƙaras. Duk wanda ka zaɓa, sharaɗin ɗaya ne: ya zama ana iya kwance shi a wanke. Wanda aka manne da ƙusar da ba ta kwancewa, ranar da ya ci yashi ranar ya fara mutuwa.

Bari in faɗi yadda ake wankin na murɗawa, don da yawa suna jin tsoro. Ka shimfiɗa farin ƙyalle a tabarma. Ka murɗe makullin har ya fita gaba ɗaya, ka zaro gaɓar a hankali. A kanta za ka ga 'yan ɓawon roba guda biyu, galibi farare, sun rungume bututun, kowanne da ɗan ƙullutu da ke zama cikin rami. Su ne ke hana gaɓar zarewa ta faɗi, kuma su ne ke fara ɓata, don da ka zaro suke zubewa. Ka ajiye su a murfin kwano. Ka sa tsohon buroshin haƙori ka goge zaren, ka share bututun da ɗanyen tsumma, ka bar shi ya bushe sarai. Man shafawa ɗan kaɗan a kan zaren kawai, kamar ƙwayar gero. Jikin bututun ba a shafa masa komai, kuma kada a kusanto da baƙin mai na inji, domin maiƙo kiran ƙura yake. Ƙafa ɗaya ake gamawa kafin a taɓa ta biyu, saboda in ka rikice ka sami wadda za ka duba.

Mu hau sama, wajen kai. Mai hoton tsaye, kan ƙwallo ya fi masa: dunƙulen ƙarfe ne a cikin kwano, ka saki maɓalli ɗaya ka juya kyamara duk inda kake so, ka ɗaure. Ƙarami ne, ba nauyi. Amma mai bidiyo da ke son bin ango daga mota zuwa rumfa, kan ƙwallo zai ba shi kunya, domin da ka sake shi ta ko'ina yake faɗuwa. Shi kan bidiyo yake buƙata, mai hannu dogo, mai ruwan maiƙo a ciki da ke sa juyi ya tafi sumul. Akwai ƙanana da ba su wuce rabin kilo ba. Mafi yawan yaranmu aikin biyu suke haɗawa, don haka shawarata a sayi ƙafar da kanta ke cirewa. Sukurun da ke haɗa kai da ƙafafu kusan ko'ina ɗaya ne, mai kashi uku cikin takwas na inci, wanda ke shiga gindin kyamara kuma rubu'in inci ne. Yau ka ɗaura wannan kai, gobe wancan. Ƙafar da aka ƙera kanta a manne, in kan ya lalace duka ta tafi.

Akwai kuma ɗan farantin da ake ɗaurawa a gindin kyamara, wanda ke shiga bakin kai a kulle. Wannan ɗan abu ya kashe ƙafafu masu yawa da ransu. Ya faɗi a filin biki cikin yashi da dare, an nema an rasa, kuma babu irinsa a Birnin Kebbi ko Sakkwato, domin kamfanin shi kaɗai ke yin wannan siffa. Maganin wannan shi ne ka nemi kai mai karɓar farantin da ake kira Arca-Swiss. Sunan wani kamfani ne, amma siffar ta zama ta kowa, kamfanoni barkatai suna yin ta, kuma galibi na wannan yana shiga na wancan. Ka sayi biyu tun ranar farko, ɗaya ya zauna a gindin kyamara, ɗaya a aljihun jaka. Ba a fafe gora ranar tafiya.

To an saya, an iso fili. Mu ɗauka wani dillali ko wata ƙungiyar manoma ta kira ka Aliero lokacin cirar albasa, ana son bidiyon gona da na rudun da ake adana ta. Fili ne fetal, ba bango ba bishiyar kirki, iska tana zuwa kai tsaye. Ƙarfin turin iska yana ninkuwa huɗu idan gudunta ya ninka biyu, shi ya sa ƙafar da ta tsaya lafiya da hantsi take fara kaɗawa da azahar. Abu na farko, rage tsawo. Ka mayar da gaɓar ƙarshe ciki, ka buɗe ƙafafun su yi faɗi, ka sa ɗaya ta nuna inda iskar ke tafiya don ta tokare. Ka cire igiyar wuyan kyamara ko ka naɗe ta, domin in tana kaɗawa duk bugun da ta yi yana shiga hoto. A ƙasan sandar tsakiya akwai ƙugiya, an yi ta ne don a rataya nauyi. Amma a nan ma ana kuskure: jakar da aka rataya tana lilo a iska ta fi rashinta illa. Ka sa igiya ka sassauta har gindin jakar ya taɓa ƙasa, tana ja ba ta lilo. A gonar albasa ma ba ka rasa abin ratayawa, rabin buhu ya isa, in mai gona ya yarda. Idan hoton tsaye ne, ka sa kyamara ta jira daƙiƙa 2 bayan ka danna, hannunka ya bar jikinta rawar ta mutu. Kuma in lens ɗinka yana da na'urar rage girgiza, kashe ta a kan ƙafa. Wasu in ba su sami girgiza ba sai su shiga neman ta, hoton ya riƙa zamewa a hankali.

A fadamun ƙasar Maiyama da na bakin Gulbin Zamfara matsalar a ƙasa take. Laka tana haɗiye ƙafa sannu-sannu, kuma ba daidai take haɗiye ukun ba. Ka saita hoto a miƙe, bayan minti goma ka ga gonar shinkafa ta karkace. Ka danna kowace ƙafa da hannu har ta daina nutsewa kafin ka ɗora kyamara, ko ka sa mata fasasshen tayil ko guntun katako a ƙarƙashi. A laka ne kaɗai nake cewa a fara zaro siririyar gaɓar ƙasa, ko da ɗan taƙi ɗaya, don makulli ya yi nesa da taɓo. Ka kuma nisanci injin ban-ruwa. Rawarsa tana bin ƙasa, ba ka ji a ƙafarka amma lens mai zuƙowa yana gani. Haka gadar Jega. Wuri ne mai kyau na ɗaukar gulbi da masu kwale-kwale da yamma, sai dai duk tirelar da ta hau, gadar kanta motsi take, kuma babu ƙafar da aka ƙera da za ta hana wannan. Sai ka jira ta wuce, ko ka sauka bakin ruwa, wanda ya fi ma lafiya ga ranka.

Kasuwar Jega kuwa wani karatu ne. Kasuwa ce tun ƙarni na 19, tun fatake suna yada zango a nan a hanyarsu ta Gwanja wajen goro, kuma har yau ranar kasuwa ba masaka tsinke. Ka baza ƙafa uku a tsakiyar layin 'yan hatsi, ka tare hanyar mai baro da mai amalanke da ɗan dako da buhu a ka, wanda ba ya ganin ƙasa. Kafin ka ce kwabo an yi gaba da ƙafa ɗaya, kyamara ta sha ƙasa, kuma kai ne marar gaskiya. A irin wannan wuri, da wajen hawan Sallah inda dawaki ke zaburowa, ƙafa ɗaya ta fi uku. Da yawa daga ƙafafun tafiya na yanzu ana kwance musu reshe guda a ɗaura masa kai ya zama sanda. Ka tambayi wannan wajen saye. Ba ta tsayawa da kanta, amma tana ɗauke maka nauyi, tana kashe rawar sama da ƙasa, kuma in doki ya nufo ka, ka ɗauke ta da hannu ɗaya ka kauce. Af, tun da mun shigo kasuwa: ƙafar kyamara tana jawo ido fiye da kyamarar kanta. Da an ga an kafa ta, an san ba wasa ba. Ka fara gaida shugabannin kasuwa da mai rumfar da za ka tsaya gabanta, ka faɗi abin da ya kawo ka, kuma kada ka saita ta kan matan mutane ba da izini ba.

Saura yadda za ka gane mai kyau kafin kuɗinka su bar aljihu. Mafi yawan kayan nan daga Kano ko Legas ake aiko su a mota, an gani a waya an tura kuɗi. In da hali, ka je da kanka, ko ka aiki wanda ya san aikin, kuma a tafi da kyamarar da lens mafi zuƙowa da kake da shi. Mai kanti zai ce, "Malam, wannan orijinal ce, ka ga kilo goma sha biyar aka rubuta." Ka ce masa, "Alhaji, na gani, Allah ya ƙara kasuwa. A ba ni izini in buɗe ta." Ka zare gaɓoɓin duka, ka kulle, ka bar sandar tsakiya a ƙasa. Ka dafa saman da tafin hannu ka danna: in wata gaɓa ta zame ciki, mayar masa. Ka kama wuyan, inda ƙafafun ke haɗuwa, da hannu biyu ka murɗa dama da hagu kamar mai tuƙi, ka ji ko ƙafafun suna bin ka. Sannan ka ɗora kyamara, ka zuƙo wani rubutu a tsallaken titi, ka ƙara girman hoton a allo, ka ɗan ƙwanƙwasa ƙafa ɗaya da yatsa. Rubutun zai yi rawa, kowace ƙafa tana yi. Abin dubawa shi ne yaushe zai tsaya. In ya nutsu kafin ka ƙirga biyu, da kyau. In ka kai biyar yana kaɗawa, a cikin kanti ke nan inda ba iska, to ka san abin da zai faru a Aliero. Daga ƙarshe ka saita kan ƙwallon a kan wani abu, ka ɗaure, ka saki hannu, ka duba ko hancin lens ya sunkuya daga inda ka ajiye shi.

Wannan gwajin shi za ka yi wa ta gwanjo ma, kuma kada ka raina gwanjo. Tsohuwar Manfrotto ko Benro da ta sha aiki a Turai, fentinta ya goge amma makullanta suna kamawa, ta fi sabuwa fil mai ƙyalli wadda aka yi wuyanta da roba. A ta gwanjo ka ƙara duba abu uku: tsaga a wuyan da ƙafafu ke haɗuwa, robobin tafin ƙafa ko duk suna nan, da farantin nan, domin sau da yawa shi ne ba ya zuwa tare da ita. In babu shi kuma ba Arca-Swiss ba ne, ka sa a nemo maka shi a gabanka kafin a yi ciniki, ko a rage maka kuɗin sabon kai.